Amsa ga ɗana kan motar da ke cikin mangazar Alhaji

Ɗana, saƙonka ya iso ni nan Yamai, ƙanwarka ta buɗe mini hotunan a waya. Ka ce kun fasa kwaɗon mangazar kakanku ta bayan gida a Tawa, kun tarar da mota lulluɓe da tabarmi, da garmar shanu, da amalanke mai ƙafa ɗaya. Ka sa hoton a Facebook, wani mai tara tsofaffin motoci ya yi maka tayi, shi ne kake tambaya ko al'ada ta hana sayar da kayan mamaci. Na yi dariya har da tari da na ga ka rubuta "mun gano", sai ka ce ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da na Gadufawa da ke gidan tarihi kuka haƙo. Motar nan ba ɓata ta yi ba, duk mun san inda take. Da dariyar ta wuce kuma sai na tambayi kaina: wa ya ba ku izinin fasa kwaɗon?

Pijo ce 404, bashe, wato a-kori-kura mai rufin tamfol, mai giya a jikin sitiyari. Lokacin da Alhaji ya saye ta hannu na biyu, ba a ma fara harhaɗa Pijo a Kaduna ba, wannan sai 1975, daga nan ne kayan gyara suka riƙa shigo mana ta Ƙwanni da sauƙi. Hanyar kwalta ta Tawa zuwa Arlit kuwa sai wajen 1980. Kafin nan rairayi ne da dutse, kuma ni ne karen motar.

Bari in ba ka labarin 1974. Fari ya cinye dabbobi, Buzaye da Fulani sun cika bakin gari hannu wofi. A watan Afrilu soja suka kifar da shugaba Diori, Kunce ya hau, aka shiga rabon abinci. Aka ɗauki hayar Alhaji ya kai jar dawar taimako wasu ƙauyuka wajen Keita. Mun yi lodi har bayan motar ya kusa taɓa ƙasa. Ba mu yi nisa ba bel ɗin fanka ya tsinke, injin ya ɗau zafi. Alhaji bai ce uffan ba, ya kwance rawaninsa, ya yage shi a tsaye, ya murɗa, ya ɗaura a wurin bel ɗin. Rediyeta tana yoyo, ya zuba mata garin taba, yoyon ya lafa. Haka muka yi ta rarrafe, in rawanin ya sassauta in sauka in ƙara ɗaure shi.

Da la'asar muka shiga wani kori, tayoyin baya suka nutse cikin rairayi har gindi. Ga hadari ya haɗo daga gabas, irin wanda aka yi shekaru ana roƙo, amma ka san korin Adar: in ruwa ya sauka kan duwatsu, kafin ka kammala alwala ya iso da itace da komai. Mutanen wani ƙauye suka gangaro. Ɗana, mutanen nan haƙarƙarinsu a waje, wasunsu anza kaɗai suke jiƙawa su ci. Ni dai na ce a raina dawar nan ta tafi. Suka sauke buhunan a ka, suka jera su kan tudu, suka sara kalgo suka shimfiɗa ƙarƙashin tayoyi, suka tura da kabbara har ta fita. Muna hawa gaɓa ruwa ya biyo korin, ja wur. Alhaji ya ƙirga buhuna, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba, alhali ba ƙauyensu aka rubuta wa ba. Wata tsohuwa ce kawai ta roƙi a bar ta ta share ƙwayoyin da suka zube a bayan motar, ta tattara su a bakin zanenta. Alhaji ya juya baya don kada a ga idonsa.

To, abin da hotonka bai nuna maka ba: kuɗin Alhaji bai kai ba sa'ad da zai saye ta. Ƙanwarsa, kakarku Hajiya ƙarama, ita ta sayar da shanunta biyu ta cika masa. Ba takarda, ba shaida sai mu 'yan gida. Yakan ce mata cikin raha, shanun kowa sun mutu a fari sai nata da suka koma ƙarfe. 'Ya'yanta suna nan da rai. Ka tambaye su?

Garmar kuwa bashin UNCC ce, hukumar da aka kafa a 1962 tana ba manoma kayan noman shanu su biya bayan kaka. Bijiman suka mutu a 1973, muka koma ga haiwa da kwashe kamar kowa, amma Alhaji sai da ya biya bashin har dala ta ƙarshe. Ya sha faɗa mana cewa ƙarfen da ya ciyar da gida ba a ɗora shi kan sikeli. In ya gaji a kai wa maƙeri ya fitar da lauje ko sungumi, ya ci gaba da aiki a gidan. Mahaifiyarmu kuma kullum maganarta, dukiyar gado wuta ce, mai gaggawa shi take fara ƙonawa. Yanzu kuwa 'yan gwangwan na bi da kura ƙofa ƙofa, yaro ya ɗauki galmar kakansa ya ba da ita a kuɗin katin waya. Ban ce kai haka kake ba, da haka kake da ba ka tambaya ba. Sai dai ka nuna wa duniya kafin ka nuna wa baffanninka, wannan kam bai yi mini daɗi ba.

Addini bai hana sayarwa ba, kowane malami zai gaya maka: a biya bashi, a fitar da wasiyya, sannan a raba, mata ma da rabonsu. Amma mangazar nan ba a taɓa zama a kanta ba tun rasuwar Alhaji, kowa yana jin nauyin ya fara magana.

Ka ce wa mai tayin ya yi haƙuri. Ka sayi sabon kwaɗo ka kai wa gwaggonka makullin. Kada wani makanike ya ce zai tayar da injin, wanda ya shekara talatin a tsaye sai an jiƙa shi da mai kwana da kwanaki, in ba haka ba a fasa shi. Ku kula da macizai ƙarƙashin kujera. In Allah ya kai mu babbar salla ina tafe, sai a kira 'ya'yan Hajiya a zauna. Ka gaida mahaifiyarka.