Amsa ga ƙanwata mai son binciken ƙwaƙwalwar ɓera a Birtaniya

Salamu alaikum ƙanwata. Kin ce kin gama digirin harhaɗa magunguna a Zariya, kina son ki zo Birtaniya ki yi bincike kan yadda su mofin da tiramadol ke juya ƙwaƙwalwa, kuma kina tambaya ko lallai sai kin riƙe ɓera da hannunki. Lallai kuwa, kuma a kan wannan nake so ki yi tunani tun kafin ki fara neman gurbi.

A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins suka gano wuraren da waɗannan magunguna ke kamawa a ƙwaƙwalwa, bayan shekara biyu kuma Hughes da Kosterlitz a Abadin ta Scotland suka gano jiki ma yana da nasa sinadarin mai kama wuraren. Manyan wuraren uku ne, ana kiransu "mu", "delta" da "kappa". Mofin na kama wurin da ake kira "mu", ya kwantar da jijiyoyin da ke taka wa dofamin (sinadarin jin daɗi a ƙwaƙwalwa) birki, sai dofamin ya yi yawa, ɓera ya ji daɗi. Kappa kuwa akasin haka take, ɓera gudun maganin da ke kama ta yake yi.

Za ki ga wannan da idonki a akwati mai ɗaki biyu. Ana yi wa ɓera allurar mofin a ɗaki ɗaya, ruwan gishiri a ɗayan, kwana da kwanaki. Ranar gwaji a buɗe ƙofa ba allura, sai ki tarar ya tare a ɗakin mofin. Wanda jikinsa ya saba kuma, da an ba shi naloxone, maganin da ke toshe aikin mofin, sai ya hau karkaɗe jiki, haƙoransa na kaɗawa, ga gudawa. Abin na taɓa zuciya, kuma gara ya taɓa, domin mai tausayin dabba shi ke kula da ita yadda sakamako zai inganta.

Nan ba a yi wa ɓera ko allura sai da lasisin gwamnati, bisa dokar 1986, bayan horo da jarrabawa. Ki ware watanni domin wannan a lissafin kuɗin zamanki. Ki dage da lissafin ƙididdiga tun yanzu, nan ne ɗalibanmu suka fi shan wuya.

Batun tiramadol da kodin da suka addabi matasanmu har aka hana maganin tari mai kodin a Najeriya a 2018, ki sa shi a takardar neman gurbinki. Tiramadol ba wurin da ake kira "mu" kaɗai yake kamawa ba, yana taɓa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin ma, kuma wannan tambaya ce da malami zai so ya ji daga bakinki. Ki turo min takardar in duba kafin ki aika.