Tambaya da Amsa: Me ake nufi da "wend" a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da jimlar "they wended their way home", na zaci "went" aka so a buga. Da gaske akwai wannan kalma? Zan iya sa ta a insha'i? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Akwai ta. "Wend" aikatau ne, furucinsa irin na "send". Yana nufin tafiya sannu a hankali, galibi ta hanya mai kwana-kwana, zuwa wani wuri da aka nufa.

Zatonki bai yi nisa ba, don "went" tun asali ta "wend" ce. A tsohon Turanci "wendan" na nufin juyawa, kuma siffarsa ta shuɗaɗɗen lokaci ta zama "went", kamar yadda "send" ke komawa "sent", "bend" kuma "bent". Wajen ƙarni na 15 sai "go" ya yar da tsohuwar siffarsa, "eode", ya ƙwace "went". Da aka bar "wend" haka, sai aka ƙera masa "wended".

A yau da wuya ki same shi shi kaɗai. Kusan kullum da "way" yake tafiya, da wakilin suna na mallaka a tsakaninsu, wanda dole ya dace da mai aikin: "she wended her way", "we wend our way". Bayan nan sai kalmar da ke nuna inda aka dosa, irin su "home", "through", "along" ko "towards". Ana faɗinsa ga mutane, ga kogi, ga ayari, har 'yan jarida kan ce ƙudurin doka "is wending its way through parliament", wato yana ta jan ƙafa daga wannan mataki zuwa wancan.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a cire "way" a ce "I wend to school", wanda Turancin ɗaruruwan shekaru ne. Wasu kuma su haɗa shi da sauri ko tafiyar jirgin sama, ma'anar ta rushe. Kada ki rikita shi da "wind" na lanƙwasa, wanda ke komawa "wound": "the road wound its way uphill".

A insha'in ba da labari ko siffantawa, ki sa shi sau ɗaya, ya isa. A wasiƙar neman aiki ko hira ta yau da kullum kuwa zai yi kama da raha, "make your way" ko "go" sun fi dacewa.