Amsar Tambayar Kawu: Yadda Jama'a Ke Tsare Fadama da Daji a Florida

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan Florida talakawa suna iya hana gwamnatin jiha sare daji ko cike fadama, kuma ka ce abin da ya fi ɗaure maka kai shi ne jin cewa mu ma 'yan Arewa da muka zauna a nan mun shiga wannan hidima, har magidanci yakan tashi daga aiki da yamma ya wuce zauren gunduma domin ana magana a kan wani kududdufi. Na san abin da ya jawo tambayar, wato fadamar bayan unguwarku da aka fara yankawa fuloti-fuloti, alhali kowa ya san can ruwa yake kwanciya idan kogin Kaduna ya cika ya batse a watan Agusta da Satumba. Labarin da ka ji gaskiya ne, sai dai masu ba da shi sukan tsaya a ranar da aka yi nasara, ba sa faɗin abin da yake biyo baya.

Florida ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yawan dausayi da tafkuna, kuma mafi yawan ruwan da muke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake janyo shi. A shekarar 1950 mutanen jihar ba su kai miliyan uku ba, a ƙidayar 2020 sun haura miliyan 21, kuma tun 2014 ta sha gaban New York ta zama jiha ta uku a yawan jama'a a Amurka. Duk wanda ya zo yana bukatar gida da titi da makaranta, ga shi tudu ya yi kaɗan, don haka sai aka riƙa haƙa magudanai ana tsotse dausayi ana gini a kai. Babbar fadamar kudancin jihar, wadda ake kira Everglades, kusan rabinta ya tafi ta wannan hanya, wani sashe ya koma gonakin rake, wani ya koma unguwanni.

Ba gwamnati ce ta fara farga ba. A 1968 an soma gina wani katafaren filin jirgin sama a tsakiyar dausayin da ke yamma da Miami, sai a 1969 wata tsohuwar 'yar jarida, Marjory Stoneman Douglas, wadda a lokacin take da shekara 79, ta kafa ƙungiyar Friends of the Everglades, suka haɗa kai da mafarauta da masana da 'yan asalin yankin har aka dakatar da aikin a 1970, bayan an riga an shimfiɗa titin saukar jirgi guda ɗaya. A 1971 aka yi fari mai tsanani, dausayin da aka tsotse ya kama da wuta, ruwan gishiri na teku ya fara barazana ga rijiyoyin birane. Wannan ne ya sa majalisar dokokin jihar, a zamanin Gwamna Reubin Askew, ta yi dokokin 1972 waɗanda suka raba jihar gida biyar ta fuskar kula da ruwa, kuma iyakokin sun bi yadda ruwa yake gangara, ba su bi iyakar gundumomi ba. A 1985 aka ƙara da dokar da ta wajabta wa kowace gunduma da kowane gari rubuta tsarin ci gabansa, a nuna a taswira inda za a yi gidaje da inda za a bari noma da inda ba za a taɓa ba.

Abin da ya ba talaka ƙafar tsayawa shi ne wata doka ta 1967 wadda ta ce duk lokacin da wakilai biyu ko fiye na majalisa ɗaya za su tattauna abin da zai zo gabansu, dole a sanar tun da wuri, a bar ƙofa a buɗe, a kuma rubuta abin da aka faɗa. Saboda haka idan mai kuɗi ya sayi gona yana son mayar da ita rukunin gidaje, sai an kafa allo a bakin gonar ɗauke da ranar da za a saurari jama'a, an aika wa maƙwabta takarda, sannan a zauna. A wurin zaman, mutum yakan rubuta sunansa a kati, a kira shi, a ba shi kamar minti uku ya faɗi abin da ke ransa a gaban kwamishinonin gunduma da aka zaɓa. Ba a tambayar takardar zama ɗan ƙasa kafin a ba mutum wannan dama, shi ya sa har waɗanda ba su kai ga yin zaɓe ba a cikinmu sukan je su yi magana.

Mu da muka tashi a gida mun saba idan abu ya dame mu sai mu nemi wanda ya san wani, a je wa babba da dare a gaishe shi a yi masa bayani. Da wannan tunani yawancinmu muka iso, kuma mun daɗe muna wuce irin waɗancan alluna a hanyar masallaci ba tare da mun karanta ba. Maƙwabta ne suka koya mana, galibi tsofaffi masu ritaya waɗanda ke bi gida-gida da takardar koke. Yanzu al'adar da ta zauna a tsakaninmu ita ce, wanda ya ga allo a kusa da unguwarsa sai ya ɗauki hotonsa ya saka a zaurenmu na WhatsApp, wanda ya fi mu iya karanta takardun hukuma ya duba ya fassara wa saura, bayan sallar Juma'a kuma a tsaya a ga wa zai samu zuwa. Ba mu da yawa, kuma ba mu ne ke juya akalar komai ba, amma kwamishina yana lura da sababbin fuskoki, domin kujerarsa ba ta wuce 'yan dubban ƙuri'u su kayar da ita ba.

Amfanin ƙungiyoyin kare muhalli, irin su Audubon da Sierra Club da 1000 Friends of Florida wadda aka kafa a 1986 musamman domin sa ido a kan dokar tsarin gari, ya wuce zanga-zangar da ake nunawa a talabijin. Mai kamfanin gine-gine yana da lauya da injiniya waɗanda aikinsu ke nan kullum, shi kuwa direban babbar mota ko ma'aikaciyar asibiti ba su da lokacin karanta rahoto mai ɗaruruwan shafuka. Ƙungiyoyin nan, da ɗan kuɗin da mambobi ke biya duk shekara, su ne suke ɗaukar wanda zai karanta, ya gano layin da aka sauya a taswira, ya sanar da mutane kafin ranar zama, in ta kama kuma ya shigar da ƙara.

Ga misalin da nake so ka riƙe, Kawu. Tsarin mulkin jihar ya yarda jama'a su kawo gyara da kansu, idan suka tara sa hannun masu rajistar zaɓe da ya kai kashi 8 cikin ɗari na ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa da ya gabata, sannan gyaran ya samu kashi 60 cikin ɗari a akwati. Daga 1990 jihar ta riƙa ware dala miliyan 300 a shekara tana sayen daji da bakin ruwa domin a bar su yadda suke, amma bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 sai kuɗin suka kusa ƙafewa, a 2011 kuma aka rushe ma'aikatar da ke duba tsarin gundumomi. Ƙungiyoyi suka bazama kasuwanni da bakin ɗakunan karatu suna neman sa hannu, kuma a 2014 kimanin kashi 75 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a ware kashi 33 na harajin takardun cinikin filaye da gidaje, har tsawon shekara 20, domin ƙasa da ruwa. Hikimar ita ce duk lokacin da aka ƙara sayar da gida, kuɗin tsare daji su ma su ƙaru. To amma da aka zo kasafi, majalisa ta karkatar da kaso mai yawa zuwa albashi da hidimomin ma'aikatu. Ƙungiyoyi suka kai ƙara a 2015, alƙali ya ba su gaskiya a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2019. Haka ma wancan filin jirgin da aka dakatar a 1970, a 2025 jihar ta gina wurin tsare baƙin haure a kansa, kuma ƙungiyar Friends of the Everglades da tsohuwar nan ta kafa ce ta sake komawa kotu.

Akwai kuma lokacin da abin ya yi aiki cikin hanzari. A watan Agustan 2024 labari ya fita cewa ana shirin gina filayen wasan golf da manyan otal-otal a cikin gandayen dajin jiha guda tara, an kuma tsara zaman sauraren jama'a na awa ɗaya kacal a rana guda. Cikin 'yan kwanaki mutane suka cika ƙofofin gandayen, 'yan jam'iyya mai mulki da 'yan adawa suka yi magana da murya ɗaya, aka janye shirin, kuma a watan Mayun 2025 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ta haramta irin waɗannan gine-gine, bayan majalisa ta zartar da ita babu ko ƙuri'a ɗaya ta ƙi.

Wanda ya nemi a tsare ruwa shi ma doka takan hau kansa. A yankinmu na Orlando ba a ba ciyawar ƙofar gida ruwa sai kwana biyu a mako lokacin zafi, kwana ɗaya lokacin sanyi, gwargwadon lambar gidan mutum, kuma ba a yi tsakanin ƙarfe goma na safe da huɗu na yamma. Gundumomi da dama sun hana zuba takin zamani a ciyawa daga Yuni zuwa Satumba, saboda ruwan damina yana wanke shi zuwa tafki, gansakuka ta rufe ruwan, ciyawar ƙarƙashi ta mutu. A 2021 ayu kimanin 1,100 suka mutu a jihar, da yawansu saboda yunwa, domin ciyawar ƙarƙashin ruwa ce abincinsu. Mai kiwon kifi a bakin kogin Kaduna ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

Kada ka ɗauka kanmu a haɗe yake. A cikinmu akwai masu aikin gini da masu dillancin gidaje, akwai matasan da kuɗin haya ya hana su aure, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin sukan ce wanda ya riga ya mallaki gida shi ne yake son a rufe ƙofa bayan ya shiga. Ƙaruwar jama'ar da ake kuka da ita, mu ma muna cikinta, kuma gidajenmu a kan tsofaffin gonakin lemu suke. Ni ra'ayina shi ne a yi gini, har ma a ƙara yawan gidaje a cikin gari inda titi da famfo suka riga suka kai, amma a bar hanyar ruwa, saboda idan ambaliya ta zo, mai ƙaramin ƙarfi wanda ya sayi fili mai araha a kwari shi ne yake fara kwashe katifa.

Game da Kaduna, ba zan ce a kwafo tsarin nan ba, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma ba mu da hanyar da jama'a za su kawo gyaran doka ta akwati. Sai dai barin fili domin amfanin kowa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san hurumi a gefen gari, sun san burtali da makiyaya da mashaya, kuma dagaci da mai unguwa sukan tsaya a kansu. Garin ne ya faɗaɗa zuwa Rigasa da Mando da Gonin Gora da Millennium City fiye da yadda bakin dattawa zai iya tsarewa, yanzu taswira da takarda ne suke magana. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoto jama'a su duba su yi tsokaci, kuma ƙungiyoyin ci gaban unguwa, waɗanda suke tara kuɗin gyaran taransifoma da biyan 'yan sintiri, suna iya ɗaukar wannan aiki ma.

Shawarata ita ce ƙungiyar unguwarku ta rubuta takarda, da sa hannun mai unguwa da limamai da shugabannin coci na yankin, zuwa hukumar tsara birane (KASUPDA) da hukumar kula da filaye (KADGIS) da hukumar kare muhalli ta jiha, ta nemi sanin abin da taswirar gari ta ware wannan fadama dominsa, a karɓi kwafi mai hatimin shaidar an karɓa. A samu matasa biyu ko uku, musamman masu karatun safiyo ko tsara birane a Kaduna Polytechnic, su auna iyakar inda ruwa ya kai a daminar bana tun alamarsa ba ta goge daga jikin katangu ba, su ɗauki hotuna da kwanan wata. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya alhakin komawa ofisoshin duk wata ana bin sawun takardar, ko da an ce an dakatar da yankan fulotin. Idan amsa ta fito, a turo mini hotonta, akwai injiniyan ruwa a cikinmu da ya yarda zai duba ta tare da ni. A gaida Inna da sauran mutanen gida.