Abin da mai haɗa fitilun ɗaukar fim ya kamata ya iya

Malam, ka tambayi abin da mutum zai ƙware a kai kafin a damƙa masa haɗa fitilu da gwada su. Farko dai lissafin wuta. Raba wat da bolt don sanin amfiya, wato yawan wutar da fitila ke ja: fitila mai wat 2000 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 9, don haka biyu a soket mai amfiya 13 za su ƙona fis. Doguwar waya kuma a warware ta duka, don in tana naɗe zafi take tarawa har robarta ta narke.

Kada a taɓa ƙwan halojin da hannu, maiƙon yatsa kan sa ya fashe. Fitilar da aka rataya a sama sai an ƙara mata wayar ƙarfe ta tsaro; wannan ba a sakaci da shi, akwai mutane a ƙasa.

Wajen gwaji a kunna su ɗaya bayan ɗaya. Masu DMX, wato tsarin sarrafa fitilu da yawa ta layin waya ɗaya, kowace da adireshinta, wato lambar da ake gane ta da ita, a toshe ƙarshen layin da rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 120, in ba haka ba su dinga ƙyaftawa. Sannan a duba ta kyamara: wutarmu 50Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, na 1/50 na daƙiƙa ke hana hoto rawa.