Gida a Wata Jiha, Aiki a Wata: Wa Za a Biya wa Haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a birnin Newark na jihar Niyu Jazi a Amurka, amma ina aiki a wani asibiti da ke cikin birnin Niyok. Da na duba takardar albashina, sai na ga jihar Niyok kaɗai ake cire wa haraji, ba a cire wa Niyu Jazi ko sisi. Yanzu lokacin cike takardun haraji ya gabato, wani abokin aikina ya ce tunda an riga an cire na Niyok ba ni da sauran aiki, wani kuma ya ce dole in biya jihohin biyu cikakken haraji. Wanne ne daidai? Daga mai karatu a Newark.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowanne daga cikin abokan aikin naka ya riƙe wani ɓangare na gaskiya ya saki saura. Ƙa'idar da jihohin Amurka masu karɓar harajin kuɗin shiga suke bi ita ce, jihar da mutum yake zaune a cikinta tana da hakki a kan duk abin da ya samu, ko a ina ya samo shi, ita kuwa jihar da ya je ya yi aiki a cikinta tana da hakki a kan abin da ya samu a cikin iyakarta kawai. Saboda haka albashinka na asibiti ya faɗa hannun jihohi biyu a lokaci guda, kuma takardu uku ne ke gabanka: fom 1040 na gwamnatin tarayya wanda ake miƙa wa hukumar harajin tarayya ta IRS, da fom IT-203 wanda Niyok ta tanadar wa waɗanda ba mazaunanta ba, sai fom NJ-1040 na mazauna Niyu Jazi.

Cike takarda biyu ta jiha ba ya nufin biyan haraji ninki biyu, domin jihar da kake zaune tana rage maka abin da ka riga ka biya wa jihar da ka yi aiki. Sai dai wannan ragin yana da iyaka, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A ƙaddara Niyok ta karɓi dala 4,000 a kan albashinka, alhali bisa lissafin Niyu Jazi harajin wannan albashin dala 3,000 ne. Niyu Jazi za ta yafe maka dala 3,000 ɗin da take binka, amma ba za ta mayar maka da rarar dala 1,000 ba, tunda ba aljihunta kuɗin ya shiga ba. Idan kuwa lissafin ya juya, wato harajin jihar da kake zaune ya fi na wurin aikinka yawa, to sai ka cika mata bambancin. A taƙaice, abin da zai fita daga hannunka kusan daidai yake da harajin jihar da ta fi tsada a cikin biyun. Batun ya taɓa kaiwa gaban Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda a 2015, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke hukunci cewa jihar Merilan ta saɓa wa tsarin mulki da ta ƙi ba mazaunanta irin wannan ragin a kan wani ɓangare na harajinta, alhali sun riga sun biya wa wasu jihohi haraji.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, wannan ragin ba ya zuwa da kansa, nemansa ake yi. A Niyu Jazi akwai wata takarda mai suna NJ-COJ da ake haɗawa da NJ-1040, kuma ba za ka iya cike ta daidai ba sai ka san ainihin harajin da Niyok ta ɗora maka, wanda sau da yawa ya sha bamban da abin da aka riƙa cirewa daga albashinka a tsawon shekara. Don haka sai ka fara da ta tarayya, ka bi da ta Niyok, ka ƙare da ta Niyu Jazi. Kada kuma ka firgita idan ka ga fom ɗin Niyok yana tambayar dukkan kuɗin da ka samu har da wanda ba a can ka samo shi ba. Ana amfani da jimillar ne wajen gano matakin harajin da ya dace da kai, sannan a ɗauki kason da ya shafi Niyok kawai. Idan kana da wata hanyar samu a gefe, kamar aikin ƙarshen mako a Newark ko ribar ajiyar banki, a cikin jihohin biyu wannan na Niyu Jazi ne ita kaɗai, kuma tunda ba a cire mata komai daga albashinka, kana iya tarar da ɗan bashi yana jiranka. Ka kuma duba takardar W-2, mai nuna albashinka na shekara da harajin da aka cire, da asibitin zai ba ka, ka tabbatar ba a cire maka harajin birnin Niyok ba, domin tun 1999 birnin ya daina karɓar harajin albashi daga masu zuwa aiki daga waje. Wa'adin takardun uku shi ne 15 ga Afrilu, kuma neman ƙarin lokaci yana ɗage ranar miƙa takarda ne kawai, ba ya ɗage ranar biya.

Tambaya: Ni ma a Niyu Jazi nake zaune, amma a birnin Filadelfiya na jihar Fensilbaniya nake aiki. Na ji an ce jihohin nan biyu suna da yarjejeniya, amma duk da haka ma'aikatarmu tana cire mini harajin Fensilbaniya. Yaya zan yi? Daga mai karatu a Camden.

Amsa: Hajiya, abin da kika ji gaskiya ne. Niyu Jazi da Fensilbaniya suna da yarjejeniyar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, wadda a ƙarƙashinta mai albashi yake biyan harajin jihar da yake zaune kawai. Sai dai ma'aikata ba za ta daina cire wa Fensilbaniya kashi 3.07 cikin ɗari nata ba har sai kin miƙa wa sashen biyan albashi fom REV-419, wanda da shi kike shaida cewa ke mazauniyar Niyu Jazi ce. Game da abin da aka riga aka cire, Niyu Jazi ba za ta lasafta shi a matsayin ragi ba, tunda tun farko bai kamata a karɓe shi ba, saboda haka za ki biya ta harajinta cikakke, sannan ki cike fom PA-40 ki nemi Fensilbaniya ta mayar miki da kuɗinki. Yarjejeniyar ba ta shafi harajin albashi na birnin Filadelfiya ba, wanda ake karɓa daga duk mai aiki a cikin birnin, amma shi wannan kina iya neman raginsa a takardarki ta Niyu Jazi. Akwai irin wannan yarjejeniya tsakanin Merilan da Bajiniya da birnin Washinton, amma ba abu ne na dindindin ba, domin wadda ke tsakanin Minesota da Wiskonsin ta daina aiki a 2010.

Tambaya: Na bar Niyok na koma Teksas a tsakiyar shekarar da ta wuce, kuma ina ci gaba da yi wa kamfaninmu na Niyok aiki daga gida ta intanet. Tunda Teksas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, ashe ban rabu da harajin jiha ba ke nan? Daga mai karatu a Houston.

Amsa: Malam, kada ka yi saurin murna. Gaskiya ne Teksas tana cikin jihohi 9 da ba sa karɓar haraji a kan albashi, tare da irin su Fulorida da Nebada da Alaska, amma Niyok tana da wata ƙa'ida da ta sa ta yi fice wajen tsanani. Idan ofishin da kake ƙarƙashinsa yana Niyok, kuma aikin da kake yi daga gida don jin daɗin kanka ne, ba don kamfanin ya wajabta maka zama a can saboda buƙatar aiki ba, to tana ƙirga waɗannan ranaku kamar a cikin ofishin ka yi su, ta kuma karɓi harajinta. Abin da ya ƙara wa lamarinka nauyi shi ne, babu wata jiha da za ta rage maka, tunda Teksas ba ta binka komai. A ganina ƙa'idar ba ta da adalci ga wanda ba ya amfana da hanyoyi ko makarantun jihar, amma kotunan Niyok sun sha tabbatar da ita, kuma Delawa da Neburaska ma suna da makamanciyarta.

A shekarar da ka yi ƙaura, za ka cike IT-203 a matsayin wanda ya zauna a jihar na wani ɓangare na shekara, inda duk abin da ka samu kafin ka tashi zai shiga lissafin mazauni. Idan kuma ka bar wani gida a Niyok wanda yake a hannunka kana sauka a ciki, ka lura da yawan zuwanka, domin wanda yake da gidan zama na dindindin a jihar kuma ya yi fiye da kwana 183 a cikinta a shekara ana ɗaukarsa cikakken mazauni, kuma ko sa'a ɗaya ka yi a rana ana ƙirga ta kwana guda. Ka adana takardar hayar gidanka na Houston da lasin tuƙin Teksas da tikitocin tafiye-tafiyenka, ka kuma nemi kamfanin ya rubuta maka dalilin da ya sa kake aiki daga can, sannan ka kai su ga ƙwararren mai lissafin haraji kafin ka miƙa takardar bana.