Hadda ba za ta fisshe ka a SAT ba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce in turo maka tsofaffin tambayoyin SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, da amsoshinsu ka haddace, wai sashen karatu ne ke kayar da kai, musamman idan aka kawo guntun ƙagaggen labari ko waƙa. Ba kai ne na farko da ya roƙe ni haka ba, kuma ba zan turo ba, don ba abin da za su tsinana maka.

Tun 2023 masu rubuta jarrabawar a wajen Amurka a kwamfuta suke yin ta. Sashen karatu da rubutu tambaya 54 ne cikin minti 64, an raba shi gida biyu, kowace tambaya da ɗan nassinta mai kalma 25 zuwa 150. Kusan minti ɗaya ke nan da 'yan daƙiƙu a kan kowace. Wahalar kashi na biyu kuma ta danganta da ƙoƙarinka a na farko, kuma ta mai wuyar ake kaiwa ga maki mai tsoka. Nassin da zai fito maka ba ka taɓa ganinsa ba, to me ka haddace?

Abin da ke kayar da ku shi ne yadda aka koya mana a sakandare: ka duba kalmar da ke cikin tambaya, ka nemo layin da take, ka kwafa. Masu tsara SAT sun san da masu wannan dabara, kuma musamman dominsu suke ɗana tarko. A ce an ba ka labarin mutumin da wansa ya dawo bayan shekaru. Ya ce masa ya yi murna da ganinsa, amma bai tashi daga kujera ba, bai ma ɗaga ido daga wasiƙar da yake karantawa ba. Sai a tambaye ka halin da yake ciki. Zaɓi ɗaya zai ce yana cike da farin ciki, kuma da yawa nan za su faɗa don sun ga kalmar murna a rubuce. Wani zaɓin zai ce ya tsani wansa. Wannan ma tarko ne, ya yi zafi fiye da abin da nassin ya nuna. Amsar tana tsakiya: akwai ɗari-ɗari a tsakaninsu, baki ya faɗi abu, jiki ya ƙaryata.

Abin haushin shi ne ka iya wannan tun kana yaro. Ranar da ka fasa kwano Inna ta ce maka “ka kyauta”, ba ka ɗauka yabo ba ne. Gatse da habaici ba baƙinka ba ne, Turanci ne kawai ke sa ka rufe kunne. Saboda haka kafin ka kalli zaɓuɓɓuka ka tambayi kanka: wa ke magana, marubuci ko wani ɗan cikin labarin? Da wace murya? Ina layin da zan ɗora yatsa a kai in ce ga hujjata? In babu layin, watsar da amsar ko da gaskiya ce a duniya. Ba ra'ayinka ake nema ba, ba kuma darasin tarbiyya ba.

Har yanzu akwai masu cewa sa'a ce ko hanya ta samar mini gurbi da tallafin karatu. Ba su ga daren da na kwana ina fama da littattafan ƙarni na 19 ba, masu jimla ɗaya da ke cin layi biyar. Daga irinsu ake yawan tsakuro nassin jarrabawar, kuma suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Kada kuma wani mai darasi ya karɓe maka kuɗi da sunan sirrin jarrabawa, ko ya ce maka an daina neman SAT. Jami'ar MIT ta Amurka ta dawo da ita a 2022, Jami'ar Harvard ma ta sanar da haka a 2024.

Sauke manhajar Bluebook ta College Board, hukumar da ke shirya SAT, ka yi gwaji cikakke da agogo a gabanka, kada ka bar tambaya ba amsa tunda ba a rage maki don kuskure. Sannan ka turo mini tambayoyin da ka kuskure, kowace da dalilin da ya sa ka zaɓi abin da ka zaɓa. Wannan zan duba maka.