Ga mai neman manhajar sa emoji da ƙ, ɗ, ɓ a burauza, kuma yana son koyon gina shafin intanet

Wa alaikumus salam, ƙanina. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa domin ta fi ƙarfin amsar layi biyu. Ka ce da kwamfutar shagon yayanka kake aiki, kana neman 'yar manhajar nan da ake maƙala wa Chrome, wadda ake ce wa ekstenshan, don ka riƙa sa emoji da alamar naira da baƙaƙenmu masu ƙugiya ba tare da ka je wani shafi ka kwafo ba. Can ƙasa kuma ka ƙara da cewa kana sha'awar koyon gina shafin intanet, amma ba ka san ta inda za ka kama ba. Kai ka ɗauke su tambayoyi biyu. Ni a wurina ɗaya ce, kuma bari ka ji dalili.

Mu fara sallamar mai sauƙin. In Windows 10 ko 11 ke kan kwamfutar, ka danna maɓallin Windows tare da ɗigon aya, allon emoji zai buɗe maka a duk inda kake rubutu, har da sashen alamomi a cikinsa. A kan Mac kuwa Control da Command da dogon maɓallin tazara ake haɗawa. A Word, ka rubuta 20A6 ka danna Alt da X, ₦ za ta fito. Ka rubuta 0199 ka yi haka, ƙ za ta fito. Windows yana da kibod na Hausa da za ka iya ƙarawa a wajen saitin harshe, akwai kuma Keyman na ƙungiyar SIL, kyauta ne. A waya, ka shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa, shi ke nan. Ka ga har yanzu ba mu maƙala wa burauza komai ba.

Ba wai ina cewa duk ekstenshan sharri ba ne. Akwai masu amfani, ni ma ina da biyu-uku da na daɗe da su. Amma ka kula da abin da burauza ke tambayarka a lokacin da za ka sa. Da yawansu za ka ga an rubuta cewa suna neman izinin karantawa da sauya bayananka a dukkan shafukan da ka buɗe. Mafi yawanmu ba ma karantawa, sai mu danna amincewa mu wuce. Ka tsaya ka yi tunani: abin da aikinsa kawai ya miƙo maka fuska mai murmushi, me ya haɗa shi da shafin bankinka? Na taɓa sa wata irin wannan shekarun baya. Ta yi mini aiki lafiya ƙalau wajen wata shida, daga nan sai na fara ganin talla a shafukan da na san ba su da talla, har a shafin da ni na gina da hannuna. Sai da na bi ekstenshan ɗina ɗaya bayan ɗaya ina kashewa kafin na gano mai laifin. Ita ekstenshan tana sabunta kanta ba tare da ta tambaye ka ba, kuma wanda ya rubuta ta yana iya sayar da ita ga wanda ba ka san niyyarsa ba. Balle kai da kake kan kwamfutar shago, inda yayanka ke shiga asusunsa na banki, abokan ciniki kuma ke buɗe imel ɗinsu. Amana ce a hannunka.

To, ga inda nake so ka ba ni hankalinka sosai. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin farko da ya yaɗu, ASCII, gurbi 128 kawai gare shi, kuma don Turanci aka yi shi. Babu ƙ, babu ɗ, babu Larabci. Daga baya aka kafa Unicode, wanda fitowarsa ta farko ta kasance a 1991, da nufin kowane harafi na kowane harshe ya samu lambarsa shi kaɗai. A can ƙ tana da lamba 0199, babbar Ƙ 0198, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y tana da 01B4. Shi ma emoji haka yake. A Japan ya samo asali. Shigetaka Kurita ya zana guda 176 a 1999 don wayoyin kamfanin NTT DoCoMo, sai a 2010 aka shigar da emoji cikin Unicode 6.0. Saboda haka fuskar dariyar nan da ƙ ɗinmu a kundi ɗaya suke zaune. Duk ekstenshan ɗin da ka gani tana sa maka alama, abin da take yi bai wuce ta ɗauko lambar ta ajiye a inda kake rubutu ba.

Ban san wannan ba lokacin da na karɓi aikina na farko, shafin wata makarantar Islamiyya. Na zauna dare uku ina shigar da sanarwa da adireshin iyaye, komai tsaf a kwamfutata. Da na ɗora shi a intanet, shugaban makarantar ya kira ni da sassafe, ya ce, “Malam, wane yare ne wannan?” Na buɗe na ga duk inda na rubuta “ƙofa” ya koma “Æ™ofa”. Ƙofar Mata, Ɗambatta, duk sun hargitse. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mutumin nan ya yarda da ni, ya riga ya gaya wa iyaye su duba. Ashe layi ɗaya tak na bari. Ana adana ƙ a tsarin UTF-8 da gutsure biyu na lamba, burauza kuma ba a gaya mata tsarin da aka bi ba, sai ta karanta kowane gutsure a matsayin harafi dabam da tsohon tsarin Yammacin Turai. Da na sa <meta charset="utf-8"> a saman fayil ɗin, komai ya dawo hayyacinsa. Tun daga ranar, kafin in rubuta kalma ɗaya a sabon shafi, wannan layin nake fara sawa, tare da <html lang="ha"> don burauza da injin bincike su san Hausa ce.

Emoji ma ya taɓa kama ni, ta wata hanyar. A rumbun bayanai na MySQL akwai wani saiti mai suna utf8, wanda duk mai ganin sunan zai ɗauka ya wadatar. Gutsure uku kaɗai yake iya riƙewa ga kowane harafi. Ƙ da ɗ suna shiga lafiya, amma yawancin emoji huɗu suke ci. Wata baiwar Allah ta rubuto doguwar oda a shafin wani shagon atamfa da na yi wa aiki, ta fara da sallama da emoji, sai sallamar kawai ta iso, duk abin da ya biyo bayan emojin ya ɓace. Maganin shi ne utf8mb4. Ka rubuta wannan sunan a littafinka yanzu, ranar da za ka buƙace shi tana zuwa.

Wani zai ce, to a rubuta k da d kawai mana, ai ana ganewa. Sau da yawa ana ganewa, gaskiya ne. Amma kafa dabam, ƙafa dabam. Kare ba ƙare ba ne, fada ba faɗa ba ce, baki da baƙi kuwa kowa ya san tazarar da ke tsakaninsu. Mu da muka girma da harshen muna cike gurbin da ka, amma yaron da ke koyon karatu fa? Da manhajojin fassara da ke koyon Hausa daga abin da muke zubawa a intanet? Abin yana yi mini ciwo in ga shafi mai kyau, an kashe masa kuɗi, amma an yi wa baƙaƙenmu aski.

Yanzu ga shawarata, kuma ita ce amsar tambayarka ta biyu: abin nan da kake nema, ka gina shi da kanka. Shi zai zama darasinka na farko.

Ka buɗe Notepad, ko ka sauke VS Code in kwamfutar za ta ɗauka. Ka yi fayil ka sa masa suna allo.html. A ciki ka sa akwatin rubutu ɗaya da <textarea>, a ƙarƙashinsa ka jera maɓallai, kowanne kamar haka: <button>ƙ</button>, har ka gama ƙ, Ƙ, ɗ, Ɗ, ɓ, Ɓ, ƴ, Ƴ, ₦ da emoji biyar da ka fi amfani da su. Ka ajiye, ka danna fayil ɗin sau biyu, zai buɗe a burauza ko babu data. Wannan shi ne HTML, ƙashin ginin. Za ka ga maɓallan ƙanana, a cunkushe, ba kyan gani. Neman yadda za ka ƙara musu girma, ka ba su launi, ka sa su jeru daidai a fuskar waya, shi ne zai shigar da kai CSS. Daga nan za ka danna maɓallin ka ga bai yi komai ba, to nan JavaScript zai shigo: ka gaya wa kowane maɓalli cewa in an danna shi ya zuba harafinsa a akwatin.

Na san abin da zai faru, domin duk wanda na koya wa sai da ya faru da shi. Karon farko harafin zai riƙa tafiya can ƙarshen rubutun, ko da kuwa a tsakiyar kalma kake son sa. Za ka ji haushi. Kada ka tambayi kowa tukuna. Ka je ka nemo setRangeText ka karanta, ka gwada har ya zauna inda ka ajiye alamar rubutu. Abin da ka samo da guminka a wannan yinin ba zai bar kanka ba. Bayan nan ka ƙara maɓallin kwafe rubutun gaba ɗaya. Sai kuma ka koyi localStorage, don in an ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, ka dawo ka tarar da rubutunka yana nan. A wajenmu wannan ba ado ba ne.

Ka kuma saba da F12. Shi ke buɗe maka cikin kowane shafi, ka ga yadda aka gina shi, ka sauya launi ko rubutu a naka allon ba tare da ka ɓata wa kowa komai ba. A sashen da ake kira Console ka rubuta "ƙ".length za ka ga 1, ka rubuta "😀".length za ka ga 2. Tutar Nijeriya kuwa haɗin alamomi biyu ce, ta N da ta G, shi ya sa a Chrome na kan Windows sau da yawa haruffan kawai za ka gani maimakon tutar. Kowane kamfani shi ke zana nasa emojin, don haka abin da ka gani a Samsung ba lallai shi mai iPhone ya gani ba. Kuma don Allah kada ka jera emoji goma a kan shafi. Makafi suna amfani da manhajar da ke karanta musu allo da murya, kuma sunan kowane emoji take faɗa musu ɗaya bayan ɗaya kafin ta kai ga maganar.

Sai batun zubin haruffa, wato font. Da yawa daga masu kyan nan ba a zana musu ƙ da ɗ ba. In burauza ta nema ta rasa, sai ta aro daga wani zubin, ka ga harafi ɗaya ya fita dabam a tsakiyar kalma, ko kuma wani ɗan akwati ya tsaya a gurbinsa. Kafin in zaɓi kowane font, kalma uku nake gwadawa, manya da ƙanana: ƙwanƙwasa, ɗanɗano, ɓarɓashi. Noto Sans na Google da Andika na SIL ba su taɓa ba ni kunya ba.

Wajen karatu, kada ka tara wurare da yawa. MDN na Mozilla shi ne ƙamus ɗinka, can za ka riƙa duba ma'anar kowane abu. freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, darussa ne a jere kuma kyauta, kana rubutawa kana ganin sakamako, kuma bai kai bidiyo cin data ba. Waɗannan biyun sun ishe ka wata shida. Da Turanci suke, amma Turancin sakandare ya isa a fara. Za ka ji ana ta kiran React, wani kayan aiki da aka gina kan JavaScript, da makamantansa. Ka bar su sai ka iya gina shafi da HTML da CSS da JavaScript ba tare da kwafe ba. Na ga yara da dama sun yi tsalle can, mako uku suka jefar da abin gaba ɗaya. Awa ɗaya kullum bayan an rufe shago ta fi maka yini guda cur a ƙarshen mako.

In allon naka ya tsaya da ƙafarsa, ka buɗe asusu a GitHub ka ɗora shi a GitHub Pages, kyauta ne, za ka samu adireshin da za ka tura wa mutane. Daga nan zuwa ekstenshan taki ɗaya ne: fayil guda mai suna manifest.json za ka ƙara, ka shiga chrome://extensions, ka kunna yanayin masu gini, ka nuna masa foldarka. Sai ga allonka a saman burauza, kuma ka san duk layin da ke cikinsa, bai nemi izinin leƙa shafin kowa ba.

Ka fara da maɓallan tara na farko a daren nan. In ka maƙale, ka kwafo abin da ka rubuta ka liƙa a nan yadda yake, kada ka ɗauki hoton allo da waya, don mu iya gwadawa a namu kwamfutocin. Ina dubawa bayan sallar isha'i in sha Allahu. Ka gaishe da yayan naka.